Sunan wa ke kan rasit? Hayar ɗaki tsakanin ɗalibai a Dang

Ranar da sakamakon bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito, yayata ta kira ni daga Garwa tun ban gama karin kumallo ba. Ɗanta na fari ya ci, kuma jami'ar Ngaundere, a arewacin Kamaru, zai tafi. Bayan barka da addu'o'i sai ta sauko kan abin da ya sa ta kira: "Kai ka san wurin, a can ka yi karatu. Ka nema masa yaron kirki mai salla su haɗa ɗaki, kuɗin ya zo mana da sauƙi." Na ce to, Yaya. Abin da ban gaya mata ba shi ne, a shekaru huɗun da na yi a Dang ban taɓa ganin ɗakin da rashin salla ya watsa ba, amma na ga da yawa da suka watse a kan kuɗin da bai fi na tunkiya ɗaya ba. Har da nawa.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka jami'ar a cikin gari take. Tana Dang ne, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar Ngaundere, a bakin titin da ya miƙe zuwa Garwa. A farkon shekarun 1980 aka buɗe ta a matsayin cibiyar karatu, sai gyaran da gwamnati ta yi wa ilimi mai zurfi a Janairun 1993 ya mai da ita cikakkiyar jami'a, lokacin da aka tashi daga Jami'ar Yawunde guda ɗaya tilo aka koma shida. Gyaran ya zo da abu biyu da har yau suke bin iyaye: an soke alawus ɗin da ake ba ɗalibai, an kuma sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Shekara guda bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Wato a daidai lokacin da jami'a ta matso kusa da 'ya'yan arewa, a lokacin ne nauyin ci da kwanan ɗalibi ya sauka kacokan a kan gidansu. Kuma har zuwa 2008 da aka kafa ta Marwa, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, ga 'yan Cadi suna kwararowa, wasu ta Kuseri wasu ta Tuboro. Ɗakunan kwanan da ke cikin jami'a ba su isa ko kusa ba. Sauran sai ƙauyen ya haɗiye su.

Abin da ya tsiro a Dang da Bini shi ne mini-site: dogon gini, ɗakuna a jere suna kallon juna, siririyar tsakar gida cike da igiyoyin shanya, rijiya ko famfo ɗaya, ban ɗaki a ƙarshen layi, in kuma mai tsada ne kowane ɗaki da nasa a ciki. Masu gidajen da yawa ba a nan suke zaune ba. Wani ɗan kasuwa ne a cikin gari, wani ma'aikaci ne a Yawunde, wani ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo. Wanda za ka tarar shi ne konsiyaj, sau da yawa tsohon ɗalibi ne da aka ba shi ɗaki kyauta ko da rangwame don ya riƙa karɓar kuɗi yana rufe ƙofa. Maganarsa ta farko kuwa, kafin ma ya nuna maka ɗakin, ita ce a nan shekara ake biya, ba wata ba.

Duk sauran rigingimun daga wannan jumla suke fitowa, don haka bari in ɗan tsaya a kanta, in kuma yi wa mai gida adalci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibi ba shi da albashin da za a riƙe, ba shi da shagon da za a same shi gobe, kayansa duka jaka biyu ne da katifa. In ya tara bashin wata uku ya hau motar dare, sai dai a ji labari. Karatu yana farawa wajen Oktoba, ana watsewa wajen Yuli, ɗakin da bai samu mai shi a farkon shekara ba kuwa da wuya ya samu a Fabrairu. Ga shi yawancin masu ginin ba da rancen banki suka yi ba. Kuɗin da ɗaliban bana suka biya a dunƙule, shi ne simintin ɗakuna huɗun da za a ƙara a baya kafin baɗi. In ka duba da kyau, ɗalibai ne bankin Dang: su suke ba da rance ba ruwa, a gina musu ɗakin da za a ƙara wa ƙannensu kuɗinsa.

To amma kuɗin iyaye ba a dunƙule yake zuwa ba, kuma ba a Oktoba yake zuwa ba. A Satumba an riga an kai ƙanne firamare da sakandare, an sayi littattafai da yadi. Manomi bai gama girbi ba, in ma ya gama, kaka ce, masara ba ta da daraja. Mai auduga sai an auna an biya, can bayan sabuwar shekara. Mai albasa da mai masakwa sai rani. Ma'aikaci kuma wata-wata yake gani, ga shi mafi ƙarancin albashin da aka yanka wa yawancin kamfanoni masu zaman kansu a 2023 sefa 60,000 ne, wato kuɗin rajista kaɗai ya kusa cinye wata guda. A cikin makonni uku ake son uba ya fito da rajista, da hayar shekara, da kosiyon, wato kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, da katifa da tukunya da kuɗin mota. Haɗa ɗaki daga nan ya samo asali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai da wuya hannuwan su iso rana ɗaya. Konsiyaj ba zai ba da makulli ba sai kuɗi ya cika, ɗakuna kuma suna ƙarewa kana kallo. Don haka wanda kuɗinsa ya riga zuwa shi ke cikawa, a rubuta rasit da sunansa, sauran su ce za su ba shi in an aiko. Daga wannan minti zaman ya sauya kama ba tare da kowa ya faɗa ba: ɗaya ya zama mai bin bashi, ɗaya ya zama wanda ake bi, kuma za su kwana a ɗaki mai taku huɗu da taku huɗu har wata tara.

A shekarata ta biyu mu uku muka kama ɗaki a kan jaka 150, jaka ita ce sefa dubu. Ni, da abokina da muka yi makarantar allo tare a unguwarmu, da wani ɗan garin Mundu na Cadi da muka haɗu da shi a layin rajista. Babana ya sayar da abin da ya sayar ya aiko, na biya duka. Ɗan Mundu ya ƙirgo jaka hamsin ɗinsa a gaban konsiyaj, sannan ya yago takarda daga littafinsa ya ce in rubuta cewa na karɓa, in sa hannu. Wallahi sai da na ji haushi. Na ce a raina wannan wane irin mutum ne, ana batun zama tare yana batun takarda. Abokina kuwa ya ba ni jaka ashirin ya ce, "Sauran in Baba ya sayar da kaya, ka san ba matsala tsakaninmu." Na ce haba, mene ne a ciki.

Ban taɓa tambayarsa jaka talatin ɗin nan da bakina ba, ko sau ɗaya. Ta yaya? Uwarsa ta goya ni. Abin da na koma yi shi ne ƙirga. Na san cokali nawa na sukari yake zubawa a shayi. Ranar da ya shigo da sabon takalmi na kasa amsa sallamarsa da kyau. Shi ma ya gane, ya fara daɗewa a waje, yana cin abinci a bakin titi don kada ya sa hannu a tukunyar da nake ganin da kuɗina aka ɗora ta, wanda kuma ya ƙara cinye ɗan abin da ake aiko masa. Kafin watan Mayu gaisuwa kaɗai ta rage, zaman doya da manja. Maganar da muka kasa yi a Dang sai ga ta ta isa Garwa, ta shiga tsakanin iyayenmu mata a gidan suna. Ɗan Mundu kuwa, wanda na yi wa kallon marar kunya, shi ne har yau muke waya.

Na daɗe ina tunanin me ya sa mu Hausawa muke faɗa wa wannan rami fiye da yadda ya kamata, mu da aka san mu da ciniki da lissafi. Ina ganin hoton da iyayenmu ke ɗauke da shi ne na wani zamani. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan da fataucin goro da shanu da tufafi, in sun isa gari masauki suke nema a unguwar Hausawa. Mai masauki ya ba ka zaure, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye, in an yi bashi shi ne shaida, in an saɓa shi ne mai raba gardama. Almajiri ma haka, akwai malam a kansa. Kunya tana aiki a irin wannan zama domin akwai babba a tsakani da zai faɗi abin da yara suka kasa faɗa. A mini-site an ɗauko kunyar an baro babban. Konsiyaj ba ruwansa da wanda ya ba wani nawa, shi suna ɗaya ya sani.

Sunan nan kuma yana da nauyi a doka. Kundin hukunta laifuka da aka sabunta a Yulin 2016 ya zo da sashe na 322-1, wanda ya ce ɗan hayar da ke da yarjejeniya mai rajista, in ya tara bashin wata biyu, aka yi masa gargaɗi a hukumance, wata guda ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba, ana iya ɗaure shi wata 6 zuwa shekara 3, ko a ci shi tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansa lokacin da ya fito. A unguwannin ɗalibai bai cika kaiwa kotu ba, saboda sharaɗin rajistar: kai yarjejeniya ofishin haraji yana nufin mai gida ya nuna wa hukuma abin da yake samu, shi ya sa yawanci rasit ne kawai daga ɗan littafin da ake saya a kanti. Amma ana amfani da sashen wajen tsorata yaro, kuma yaron da ake tsoratawa shi ne mai suna a takarda, ko da shi ya biya kasonsa tun tuni. Ta ɗaya gefen kuma, wanda sunansa ba ya ko'ina ba shi da abin riƙewa. In suka saɓa aka fito masa da katifa waje, ko ya je wurin jandarma da me zai nuna cewa ya taɓa biyan sisi?

Gwamnati ta taɓa gwada sa baki a farashi. Bayan yajin ɗalibai na 2005 an fitar da umarnin ministoci da ya kasa ɗakunan ɗaliban jami'o'in gwamnati aji-aji, gwargwadon gini da ruwa da ban ɗaki, kowane aji da iyakar kuɗinsa. Takardar tana nan. Amma in ɗalibai biyar suna tsaye a kan ɗaki ɗaya a makon farko na Oktoba, wanda ya ɗaga takardar shi ne zai kwana a masallaci.

Haya dai sau ɗaya ake yin faɗanta a shekara. Wuta kuwa kowane wata. Yawancin mini-site mita ɗaya gare su daga kamfani, sannan mai gida ya sa ƙananan mitoci a ƙofar kowane ɗaki, ko ya yanka kuɗi a kan kai, ko a kan kayan da kake da su. Akwai wani abu a nan da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba. Farashin wutar gida a Kamaru hawa-hawa ne: a tsarin da aka daɗe ana bi, mai shan da bai wuce kilowat-awa 110 a wata ba sefa 50 yake biya a kan kowane ɗaya, wanda ya haura 800 kuwa ana kai shi 99. An yi haka ne don a sauƙaƙa wa talaka. To ɗaki ashirin a kan mita ɗaya, a idon kamfani babban gida ne mai shan wuta da yawa. Sai ya zama yaron da ba shi da komai sai ƙwan fitila ɗaya da cajar waya yana biyan farashin mai gidan sama da na'urar sanyaya ɗaki, kafin ma mai gida ya ɗora nasa a kai. A cikin ɗakin kuma sai a sake wani rabon: wannan yana da dutsen guga, wancan yana da abin dafa ruwa da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado saboda an hana, na ukun kwamfutarsa ba ta mutuwa. Kowa ya tabbata shi ake cuta. Abin dariyar shi ne wutar da ake faɗa a kanta ma ba kullum take nan ba. Arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya sai an yi rabon duhu unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider sun rage, ba su kashe ba.

Gas ya fi sauƙin lissafi, tunda tukunya mai kilo 12.5 farashinta na hukuma sefa 6,500 ne, sai a yi karo-karo ko a yi bi da bi. Inda lissafi ke tsayawa cak shi ne buhun gida. Uwa ta aiko da garin masara da kuka da daddawa da yaji, wataƙila da ɗan kilishi a ƙunshe a takarda. Ɗayan kuma ba a aiko masa da kaya, sai dai kuɗi ta waya, ta Orange Money ko MoMo, shi ke sayen mai da tumatir da sabulu. Nawa ne kuɗin buhun? Mai buhu yana ganin shi ke ciyar da ɗaki. Mai kuɗi yana ganin shi kaɗai ke cire na aljihu, tunda wancan kyauta ya samu. Dukansu suna da gaskiya, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya sa wa daddawar uwar wani farashi. Ɗakunan da na ga sun daɗe, ko dai sun raba tukunya tun ranar farko, kowa da inda ya sa gaba kamar zaman 'yan marina, ko kuma sun ajiye ɗan littafi a kan taga suna rubuta komai har da ashana. Na biyun yana da ban kunya a makon farko kaɗai.

Sai baƙo. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar Dang tana iya kaiwa Maris. Ɗan garinku ya sauka da jaka a hannu, bai samu ɗaki ba, ko an aiko shi da rajista kaɗai an ce Allah zai buɗa. Ba za ka bar shi a waje ba, ga sanyin Ngaundere da hunturu, garin da ke kan tudu sama da mita dubu. Kwana biyu ya zama sati, sati ya zama zango. Kai a wurinka zumunci ne. A wurin abokin zamanka kuwa, ya biya rabin ɗaki an ba shi sulusi, kuma ba a tambaye shi ba. Mai gida ma yana da ta cewa, don ruwa da masai a kan kai suke ƙarewa, shi ya sa wasu suke ƙara kuɗi da zarar sun ga takalmi na uku ya kwana a bakin ƙofa sau da yawa. Ban ce a kori baƙo ba, ni ma an taɓa saukar da ni wata guda a ɗakin da ba nawa ba. Amma wanda ya sauke ni sai da ya ja abokin zamansa gefe ya ce shi zai ɗauki wutar watan, kuma na ga bambancin da wannan ya yi a fuskar mutumin.

Saboda duk wannan ne nake da ra'ayin da yayata ba ta so: sau da yawa bare ya fi daɗin zama da ɗan unguwa. Dang wuri ne da za ka ji Fulatanci da Faransanci da Larabcin Cadi da Ngambai da harsunan kudu a layin famfo ɗaya. Zama da wanda ba addininku ɗaya ba yana da nasa sharuɗɗa, kuma manya ne: abin da za a dafa a tukunya, abin da za a shigo da shi a kwalba, wa zai kawo baƙuwa, ƙarar waƙa da asuba ko tashin sahur da ƙarfe huɗu. Sai dai waɗannan a fili suke, kowa ya san dole a yi maganarsu, don haka ana yi tun ranar farko a wuce wurin. Da ɗan'uwa kuwa ana ɗauka an riga an fahimci juna, shi ya sa ba a cewa komai.

Ga 'ya mace lissafin ya ɗan bambanta. Iyaye da yawa sun fi son ta zauna a gidan dangi a cikin gari, a Sabongari ko wata unguwar da aka san mutane, ta riƙa zuwa tana dawowa. Hankalinsu ya fi kwanciya, kuma a ido kyauta ne. Amma kilomita 15 ba a taka su da ƙafa. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024, kuɗin mota kuma ba ya jiran a roƙe shi. A ce jaka ɗaya take kashewa zuwa da dawowa, kwana ashirin a wata, jaka ashirin ke nan, abin da ya fi kasonta na haya in da su biyu suka kama ɗaki kusa da makaranta. Ban da wanke-wanke da rainon da ba wanda zai ce ta yi, amma ba za ta iya ƙin yi ba, ban da darasin yamma da za ta riƙa tsallakewa don kada magariba ta same ta a hanya. Wasu gidajen dangin aljanna ce, na sani. Amma ya kamata a riƙa yin lissafin kafin a ce kyauta.

A Marwa abin ya ɗan sha bamban, domin sassan jami'ar a warwatse suke, wasu a cikin gari wasu can Kongola, ɗalibai da yawa kuma ɗaki suke kamawa a cikin gidan iyali, a Domayo ko Uro-Cede, mai gida yana nan yana ganin shigarka da fitarka. A nan an fi samun mai karɓar wata uku-uku, an fi samun babba a tsakani, amma akwai dokar rufe ƙofa da idon matan gida. Kuma zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana sa mutum uku a ɗakin kwano ya zama azaba, faɗan wuta ya koma faɗan fanka, faɗan ruwa ya koma na jarka nawa aka saya a wurin mai kura. Garwa kuwa, da aka ba ta tata jami'ar a Janairun 2022, yanzu take shiga layin. Duk mai fili kusa da inda ake karatu ya fara jera ɗakuna, kuma na ji kalmar "shekara" ta fara fitowa daga bakin masu gidajen da da wata-wata suka sani.

Fita ta fi shiga wuya. Wani ya ci jarrabawar shiga wata makaranta a Disamba ya tafi Yawunde, wani rashin lafiya ta mai da shi gida, wata an ɗaura mata aure. Mai gida ba ya mayar da kuɗin shekara. Wanda ya tafi yana son a ba shi na watannin da bai zauna ba, wanda ya rage yana cewa ni ban kore ka ba. Mafita ɗaya ce, a samo wani ya sayi gurbin, amma wa zai zaɓe shi, mai tafiya da ke son kuɗinsa ko mai zama da zai kwana da shi? Kosiyon ma haka: sunan mutum ɗaya aka karɓa, shi za a mayar wa in an mayar, bayan an cire kuɗin fenti da na makullin da wataƙila tun kafin ku zo yake a karye. Wanda bai ɗauki hoton bango da ƙofa ranar shiga ba, ranar fita ba shi da bakin magana. Akwai kuma watannin hutu, da ake biya ɗaki yana kulle da katifu a jingine, don in ka saki ba ka da tabbacin samu a Oktoba.

Da muka je da ɗan yayata, mun samu ɗaki a Bini, shi da ɗan wani maƙwabcinsu, yaro mai salla kamar yadda aka yi oda. Kuɗin namu ya cika, na maƙwabci rabi ya zo. Na ce wa konsiyaj ya rubuta suna biyu a rasit. Ya ce littafinsa layi ɗaya gare shi. Na ce to ya rubuta na biyun a ƙasa, ya yi tsaki ya rubuta. Sannan na juya bayan rasit ɗin na rubuta abin da kowa ya bayar, da abin da ya rage, da watan da za a cika, da cewa baƙon da ya wuce sati sai da yardar su biyun, na sa suka sa hannu, kowa ya ɗauki hoto a wayarsa. Yaran sai sunkuyar da kai suke yi kamar na kama su da sata.

Da dare Yaya ta kira, ashe labari ya riga ni isa. "Yanzu kai da ɗan maƙwabcinmu har sai an yi rubutu? Me uwarsa za ta ɗauke ni?" Na ce ta ce ni ne, ta ce ai dama ƙanen nan nawa boko ya ɓata shi. A watan Janairu, da lokacin cikawa ya yi kuɗin bai zo ba, uban yaron da kansa ya kira ni, ba ita ba, ya ce an jinkirta biyansu ne, in ƙara masa zuwa ƙarshen Fabrairu. Na ce Allah ya kai mu, Alhaji. Na aika wa ɗan yayata ya gyara watan a bayan rasit, su sake sa hannu.